Kurmin da Ke Jikin Bango

Masu ba da labari sun ce Hakimi Barmo ya ba 'yan katako izinin sare Kurmin Gwaska. Ran nan da hantsi yana zaune a zaure, yana kallon hoton kurmin da aka zana masa a bango, sai mashawarcinsa, tsohon tsuntsu Burtu, ya shigo yana jan ƙafa.

Hakimi ya ce, "Haba Burtu, saki ranka. Ga kurmin nan a bango, har da giwa da goggon biri. Me aka rasa?"

Burtu ya ce, "Ranka ya daɗe, haka wani sarki ya ce wa Lantana mai zane."

Hakimi ya ce, "Yaya suka ƙare?"

Burtu ya ce, "Lantana ta shekara uku tana shiga kurmi, ta zana damisa da aku da manyan itatuwa a ƙyalle, ta kai wa sarki don ya ji tausayi ya hana sara. Sarki ya yaba, ya rataye ƙyallen, ya sayar da kurmin. Kai, wauta ba ta da magani! Bayan damina bakwai zanen ya koɗe, ya kira ta ta sabunta. Ta ce, 'Allah ya ba ka nasara, da me? Jan nan daga itacen majigi na samo, ruwan ɗorawar daga saiwar rawaya, duk a kurmin da ka cinye. Ka zama maharbi Dogara.' Sarki ya ce, 'Wane ne shi?'

"Ta ce, 'Dogara yakan ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, namun daji su zaci tsuntsu ne ke kiwo, har ya matso ya harba. In kan ya tsufa sai ya kashe wani burtun. Ran da ya kashe na ƙarshe har rawa ya taka. Amma namun dajin da aka haifa bayan nan ba su taɓa ganin burtu mai rai ba, da sun hango shi sai su zura da gudu. Yunwa ta kashe shi da kan a goshi. Kama da wane ba ta wane.'

"Sarkin nan yana ji yana gani ƙyallen ya koma fari fat, rafin garinsa ya ƙafe, jama'a suka watse."

Hakimi ya dubi bango, ya ga kunnen giwar ya fara ɓarewa. Ya ce, "Wallahi na yi kuskure. Dogari, ruga ka ce wa 'yan katako su ajiye zarto!" Sannan ya juya. "To kai me ya hana ka faɗa tun jiya?"

Burtu ya ce, "Na zo jiya, ranka ya daɗe, na yi sallama sau uku, kana kallon bango. Yau tun asuba suka fara. Itacen da suka fara kayarwa maɗaci ne mai kogo. Matata na ciki a kan ƙwai."

Hakimi ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a rawaninsa. Ya ce, "Na ji, Burtu. Muddin ina raye, ba mai ƙara taɓa abin da ya rage."