Sunan Wa Za a Raɗa wa Jikan Nomau?

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, yau ku ne alƙalai.

A garinmu, zamanin da ake fito da tuwo ƙofar gida a ci tare, an yi wasu yara huɗu da aka yi wa kaciya rana ɗaya: Nomau, Kailani, Hashimu da Ɗayyabu. Tare suka yi jinya a zaure ɗaya, tare suka saci mangwaro, tare aka zane su. Allah Ya jiƙan wancan zamani, har yau ina kewarsa. Da suka girma Nomau ya gaji maƙerar ubansa, hayaƙin gawayi ya yi ta cin huhunsa yana cewa mura ce, har ranar da numfashi ya gagare shi, aka ce sai babban asibitin birni.

Kailani direba ne, damina kuma ta cinye gada. Duk direbobin tasha suka ce sai ruwa ya janye. Kailani ya dubi abokinsa yana haki, ya ce, "Ku sa min shi a baya." Ya faɗa kogi da motar da yake ci da iyalinsa da ita, ya haye, ta kai su ƙofar asibiti da kyar. Daga ranar ba ta sake tashi ba.

A can aka jona Nomau da na'urar da ke zuƙo jini ta tiyo, ta ba shi iska, ta mayar jiki, don huhu ya huta. To shi jini ɗan gida ne, in ya fita waje sai ya daskare, dole a sa maganin tsinka shi. Da aka sa wa Nomau sai ya ɓalle da zubar jini ta hanci da dasashi. Likita ta ce akwai wasu ƙananan ƙwayoyi a jini masu toshe rauni, nasa sun yi sanyi, ba ta san dalili ba. Iyalinsa suka rantse ba ya shan komai. Hashimu mai shayi kuwa ya sani: shekara da shekaru yana zuba masa garin maganin ciwon jiki na 'yan talla a shayi kowace safiya, Nomau ya sa shi rantsuwa kada matarsa ta ji. Hashimu, wanda ba a taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba, ya tashi gaban matar ya ce, "Likita, zan yi kaffara, amma ga abin da yake sha." Nan ta gane bakin zaren, garin nan ne ya sanyaya ƙwayoyin, ta rage maganin tsinka jinin.

Saura a ƙara masa sababbin ƙwayoyin jini, kuma jinin Ɗayyabu kaɗai ya dace. Ɗayyabun da ranar kaciya sai a rumbu aka zaƙulo shi, wanda ko allurar rigakafi sai an danne shi! Ya miƙa hannu yana salati, ya suma, ya farfaɗo, ya ce a ci gaba. Zubar jinin ta tsaya.

Ranar da aka cire na'urar, Nomau ya buɗe ido aka yi masa albishir biyu: ya tsira, kuma matar ɗansa ta haifi namiji, jikansa na fari. Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka zaɓi suna."

Nomau ya dubi ƙato uku masu furfura a bakin gadonsa, ya tuna zauren nan da suka kwana suna kuka tare, sai hawaye. Yana son ya yi wa wanda ya ceci ransa takwara, ga yaro ɗaya, ga wanzami na jira.

Ba don Kailani ba, da bai iso ba. Da Hashimu ya riƙe rantsuwarsa, da an yi ta lalube har jini ya ƙare. Ɗayyabu kuma da ya gudu kamar yadda ya saba, da an san ciwo babu magani.

To, ku da kuka iya gardama, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?