Tasalla da Tabon Bango

"Ku matso, ku bar tonon wutar nan haka. Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso da ƙafarta."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wata akuya ce, sunanta Tasalla, tana zaune a garin dabbobi da 'ya'yanta biyu ƙanana. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Rannan ta dawo daga kiwo ta tarar gara ta cinye bukkarta tas, ba abin da ya rage sai duwatsun murhu. Ga damina ta ƙarato, kullum hadari na leƙowa daga gabas. Kun dai san akuya da ruwan sama: ɗigo ɗaya ya taɓa ta, sai ka ce garwashi aka watsa mata.

Sai ta tuna da ɗakin da ta gada wurin kawunta, wani tsohon bunsuru da ake kira Maigemu, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Ɗakin ƙasa ne guda ɗaya tal, amma jinkarsa lafiya lau, ƙyaurensa na nan, daɓensa sumul. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga shara. Tana kakkaɓe yanar da ta rufe bango, sai ta yi turus.

Wani tabo ne baƙi ƙirin, zagaye kamar faifai, yana ƙyalli. A samansa ga zane biyu lanƙwasassu sun nutsa cikin bango, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Tasalla ta ce, "Meee ne ne wannan?"

Ba ta tsaya ƙara dubawa ba. Ta yar da tsintsiya, ta fita a guje tana kururuwa.

Nan da nan gari ya taru. Kaza ta leƙa ta ƙofa ta ce ƙwan aljani ne, ta faɗi sumammiya. Jaki ya leƙa ya rantse surukarsa ce marigayiya, har hararar bai manta ba. Raƙumi ya kasa cusa kansa, amma ya ce shi daga waje ya fi kowa gani. Duk surutun nan, ba wanda ya yarda ya wuce bakin ƙofa.

Ana haka sai ga Gizo. Ya naɗa tsohon zanen matarsa a ka ya zama rawani, yana tafe yana gyaran murya. Kun san shi da tsamin baki, sunanta ma bai taɓa faɗa daidai ba.

Ya ce, "Sannu, Tasayya. Kin yi sa'a. Ni jikan masu karatun bango ne. Kakana bango tara ya karanta, na goma ne ya faɗo masa."

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Malam Gizo, ka taimake ni. Ruwa na tafe, ba ni da wurin da zan sa yaran nan."

"Ba a karatun bango da yunwa. Tuwon dawa, miyar kuka, man shanu ya kwanta a kai."

Ta tuƙa, ta kawo. Gizo ya cinye, ya suɗe ƙwarya, ya shiga ɗakin. Ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai, ya ja baya taku uku.

"Ido ne."

"Ido, Malam?"

"Idon bango. Shekara bakwai yana kallon jinka, ya gaji, sama yake so ya gani. In ba a buɗe masa ba, 'ya'yanki zai koma kallo."

Tasalla ba ta ɓata lokaci ba. Ta roƙi Raƙumi ya ɗage jinkar. Gizo ya ce kada a ajiye ta kusa, ido zai gani ya yi fushi. "Ku kai ta gidana. Ni na saba da haɗari."

Washegari Tasalla ta leƙa. Tabo na nan, rana ta haske shi, ƙyallinsa ma ya ƙaru. Ta ruga wurin Gizo.

Ya ce, "Ba a karatu biyu da tuwo ɗaya. Dambu, ya ji zogale, man shanu ya kwanta a kai."

Ta dafa, ta kawo. Ya cinye, ya shiga ɗakin. Ya rufe ɗaya idon, ya karkata kai ɗaya gefen, ya ja baya taku uku.

"Jiya daga hagu na karanto. Yau da na biyo ta dama, baki ne. Ba ki ga gashin baki biyu a sama ba?"

"To me yake so, Malam?"

"Iska. A cire masa ƙyaure ya sha. In bai sha iska ba, abin taunawa zai nema, kuma 'ya'yanki ne masu taushi."

Aka ɓalle ƙyaure, Jaki ya ɗauka ya kai gidan Gizo. Gari kuwa ya rabu biyu, 'yan ido da 'yan baki. Zakara da agwagwa har suka daina gaisawa.

A rana ta uku zafi ya tsananta, tabon ya fara tsattsafo da wani maiƙo kamar gumi. Tasalla ta sake rugawa. Wannan karon waina Gizo ya nema, da miyar taushe, man shanu ya kwanta a kai. Ya cinye, ya shiga ɗakin, ya rufe ido duka biyu, ya kara kunne a bango. Sai ya fito yana tafi da ƙafafu huɗu.

"Barka, Tasayya! Bangonki ciki gare shi. Wata tara cif, har naƙuda ta fara."

Tasalla ta dafe ƙirji. "Me zai haifa?"

"Ƙaramin bango mana. In mace ce, katanga. Amma daɓen nan ya yi tauri, jariri zai faɗo ya fashe, kuma uwar ba za ta yafe miki ba. A fasa shi, a kwashe ƙasar a kai gidana. Sannan a ɗora girkin barka."

Gari ya ɗauki guɗa. Tunkiya ta ɗora ruwan wankan jego. Kura ta zo da taɓarya wai za ta taya daka. Aka shiga gardamar sunan da za a raɗa wa jariri. Ita kuwa Tasalla ta auna ragowar hatsinta kaf ta bayar, ta koma ta durƙusa tana fasa daɓen kawunta da kofatonta, ana kwasar ƙasa ana kaiwa gidan Gizo.

Da la'asar kowa ya koma gindin tsamiya cin abinci. Tasalla ta ɗaga kai ta ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ta dubi 'ya'yanta, sun cusa kawunansu cikin ƙwarya ɗaya suna rawar jiki. Ta dubi ɗakin: ba jinka, ba ƙyaure, tsakiyarsa rami. Gajiya ta kai mata inda tsoro ma ya fita. Inuwa ɗaya ce ta rage, a ɗan gefen da ba ta fasa ba, daidai ƙarƙashin tabon.

Ta ce, "In kallo ne ka kalle ni, in ci ne ka ci ni, in haihuwa ce ka haihu a kaina. Ni dai zama zan yi."

Ta zauna, ta jingina baya, ta kwantar da kai a bango.

Ƙwas! Ƙahon dama ya faɗa cikin zanen dama. Ƙwas! Na hagu ya faɗa cikin na hagu. Ƙeyarta ta zauna daram a tsakiyar tabon, kamar don ita aka auna.

Ta juya a hankali ta shinshina. Warin tsohon man shanu ne.

Sai komai ya dawo mata. Tana 'yar ƙarama, uwarta kan kawo ta ta gaida Kawu Maigemu. Nan yake zama, nan ɗin nan, bayan ya ci abinci. Ya shafe kansa da man shanu wai don kada tunani ya bushe, ya jingina, yana tuƙa yana gyangyaɗi, ƙahoninsa na gogar bango. In ya buɗe ido ya gan ta sai ya ce, "'Yar ƙanwata, kin ci abinci kuwa?" Shekara arba'in yana haka.

Tasalla ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan dariyar ta koma kuka na gaske. Da ta share fuska sai ta yi tunani: in ta fita ta faɗi gaskiya yanzu, dariya za a yi a watse, kayanta kuma su zauna a gidan Gizo.

Ta je murhu ta dangwali baƙin tukunya da kofato. Ta tarar da Gizo a gindin tsamiya, ciki ya yi tulu, fuska na naso da mai.

"Sannu da aiki, Malam. Bari in share maka zufa."

Ta shafa masa zagaye a goshi, ta ja zane biyu a sama. Ta ja baya ta rangaɗa guɗa.

"Jama'a, bango ya sauka lafiya!"

Aka miƙe. "Ina jaririn? Ina jaririn?"

"Yana faɗowa ya yi tsalle ya fita. Ga shi can a goshin Malam, kamarsa ɗaya da uwarsa."

Aka juya. Kaza ta sake sumewa.

Raƙumi ya ce, "Ido ne, sama yake so ya gani. A cire masa jinka!" Ya fizge rawanin Gizo.

Jaki ya ce, "Baki ne, iska yake so. A cire ƙyaure!" Ya juya baya yana auna haƙoran Gizo da kofato.

Kura ta ɗaga taɓarya ta ce, "Ni dai na ga goshin nan ya yi wa jariri tauri. A fasa daɓe!"

Gizo ya daka tsalle ya maƙale a reshe. "Ku tsaya! Akwai karatu na huɗu!"

Tasalla ta ce, "Muna ji, Malam."

"Jariri wurin uwarsa yake so ya koma. Mai jego kuwa ba ta zama a fili. A mayar mata da jinka, da ƙyaure, da daɓe!"

"Wa zai mayar?"

Gizo ya dubi taɓarya. Ya ce, "Wanda jariri ya zaɓa."

Ba ku ga aiki ba! Ƙafa biyu na jan jinka, biyu na ɗauke da ƙyaure, biyu na kwaɓa ƙasa, biyu na gudu, Kura na biye da shi da taɓarya tana yi wa jariri wasa. Kafin iska ta taso, ɗaki ya koma yadda yake. Tasalla ta sa tsumma ta goge masa goshi ta ce jariri ya koma gida. Sannan ta kira jama'a, ta zauna, ta jingina, ta nuna musu yadda ƙaho ke shiga zane. Tunkiya ta sauke ruwan jegonta.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tasalla da 'ya'yanta na ciki, ko ɗigo bai taɓa su ba. Gizo kuwa ya isa gida ya tuna ashe tun shekaranjiya ya yaye tasa tsohuwar jinkar ya hura wuta da ita. Shi ya sa har yau kuke ganinsa a raɓe a kusurwar ɗakin mutane, can sama inda ruwa ba ya kaiwa.

To, kun ji. Duk abin da ya ba ku tsoro, ku matsa kusa ku dube shi da idonku tukuna. Kada ku bar wanda ke cin tuwonku ya faɗa muku abin da ke cikin ɗakinku.

Ƙungurus kan kusu. Tawa ta ƙare a nan, in da saura ku nema wurin Gizo.