Takardar da Kamaruddeen Ya Ƙi Canzawa

Akwai wani matashi a wani ƙauye kusa da Bagwai, sunansa Kamaruddeen. Shi ne na farko da ya yi digiri a gidansu. Da ya gama bautar ƙasa, ya je shagon kwamfuta aka buga masa CV, wato takardar bayanin karatu da ƙwarewa, shafi ɗaya, ya sa aka yi mata laminatin, aka lulluɓe ta da leda kamar takardun makarantarsa. A ganinsa ita ma shaida ce, kuma duk wanda ya canza shaida ya yi ha'inci.

Ya yi rajista da wani kamfanin dillancin aiki a unguwar Rijiyar Zaki, irin masu samo wa ma'aikatu ma'aikata. Duk gurbin da suka sanar, hoton takardar nan yake turawa. Ana neman malamin makaranta, ita. Ana neman mai karɓar baƙi a otal, ita. Shekara uku, ko sau ɗaya ba a kira shi ba.

Mahaifinsa, Malam Hadi, gona ɗaya tak ya gada. A yankinsu kuwa gona na jikin gona, wanda ya sayar da tasa ba ya sake samun wata.

Bazara ta kama, maƙwabta na ta kai taki da jakuna da amalanke, amma gonarsu fayau take.

Kamaruddeen ya ce, "Baba, ban ga an fara kai taki ba."

"Bana ba za a kai ba. Na yi magana da dillali. Juma'a ta sama zai kawo mai saye, a samo maka keke mai ƙafa uku ka riƙa haya."

"Baba, ƙannena fa? Me za a ci?"

"Allah ne mai ciyarwa. Ni dai na gaji da ganin ka kana fita da gogaggen takalmi, kana dawowa da jan ido."

Inna Hure, mahaifiyarsa, tana bakin murhu. Sai ta juya baya tana share fuska da gefen mayafi.

Washegari ya hau mota zuwa ofishin kamfanin. Ya tarar da jami'ar da ke tantance takardu, Malama Raudatu. Ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, don Allah ko shara ce ku ba ni. Gonar mahaifina za a sayar saboda ni."

Ta ce ya tashi ya zauna. Ta buɗe kwamfuta ta daɗe tana kallo.

"Malam Kamaruddeen, sau ashirin da ɗaya ka nema, takarda ɗaya. Ni kaina na karanta ta ban san me ka iya ba. 'Mai ƙwazo, mai riƙon amana.' Kowa haka yake rubutawa, har wanda aka kora jiya."

Ya sunkuyar da kai. Nan idonsa ya faɗa kan rabin buhun wake da ke jingine a bayan ƙofa, wanda ta saya za ta kai gida. Ya ga farin gari na zuba ta ɗinkin buhun. Hannunsa ya riga tunaninsa, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza.

"Hajiya, ki yi haƙuri da shisshigi. Waken nan bai gama bushewa ba aka zuba shi, kuma ƙwaro ya shiga. Ki shanya shi kwana biyu, ki mayar a buhu mai leda biyu a ciki, ki ɗaure kowace daban. In ba haka ba, kafin wata guda sai dusa."

Ta cire tabarau. "A ina ka koyi wannan?"

"Tun ina aji uku nake kula da rumbun gidanmu. Duk hutu kuma ina kasuwar hatsi ta Dawanau wurin kawuna, ni ke tantance hatsi kafin a loda."

"Me ya sa babu shi a takardarka?"

"Ai wannan noma ne, Hajiya, ba aiki ba ne."

"Wani kamfanin adana hatsi ya ba mu sati biyu mu samo masa mai kula da sito. Mutum arba'in na tura, duk an dawo da su. Je ka sake rubuta CV, ka sa wannan a sama. Jibi ake rufewa."

Ya dawo gida zuciyarsa a cunkushe. Bayan la'asar ya sami mahaifinsa a zaure ya kwashe labarin ya faɗa masa.

"Baba, kai ka koya mini kada in yi fuska biyu. Yaya mutum ɗaya zai riƙe takarda biyu?"

Malam Hadi ya ajiye carbi. "A cikin abin da ta ce ka rubuta, akwai wanda ba ka yi ba?"

"Babu."

"To ina ha'incin? Ni in mai sayen wake ya zo, ka taɓa ganin na buɗe masa rumbun dawa? Duka nawa ne, amma abin da ya zo nema nake nuna masa. Kai shekara uku kana rufe rumbun da ke cike, kana nuna wa mutane leda."

Da safe ya koma shagon kwamfuta. Ya rubuta shekarunsa a Dawanau, da yadda yake gane hatsin da bai bushe ba, da yadda ake jera buhuna a kan katako nesa da bango. Digirin ya biyo baya. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba.

Ya tura. Litinin ta wuce shiru, Talata ma shiru. Dillali ya zo ya taka gonar daga iyaka zuwa iyaka, Kamaruddeen na tsaye ƙarƙashin gawo yana kallo.

Ranar Laraba aka kira shi intabiyu a kamfanin adana hatsin. Ba su tambaye shi Turanci mai yawa ba. Buhu biyar suka jera masa, suka ce ya ware wanda ba za a saya ba. Ya ware biyu. Manajan ya dubi mataimakinsa ya ce, "Mu ɗaya muka gano." Aka ɗauke shi gwajin wata uku.

Ya kira gida daga bakin ƙofar kamfanin. Malam Hadi ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kashe wayar.

Da yammar Alhamis ya sauka daga mota ya biyo ta hanyar gona. Daga nesa ya hango tsibi-tsibin taki baƙi ƙirin, mahaifinsa na sauke mangala daga bayan jakin aro. Ya cire gogaggen takalminsa ya shiga gonar.

Tsohuwar takardar kuwa ba ta yi asara ba. Har yau da ita Inna Hure ke fifita wuta.

Darasi: Gyara CV ta dace da aikin da kake nema ba ƙarya ba ce, matuƙar abin da ka rubuta ka yi shi. Kada ka raina abin da ka koya a gona, a kasuwa ko a gida. Karanta abin da ake nema, ka sa shi a gaba. Ku tura wa duk ɗan'uwan da ke yawo da takarda ɗaya, wataƙila rumbunsa a cike yake bai buɗe ba.