Madarar da Lele Veta ta sa aka zubar

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye da ke gefen birnin Sibiu, ana ce mata Lele Veta, wato Inna Veta a yarensu. Shanunta biyu ne kacal, amma yadda take ji da su sai ka rantse garke gare ta.

Tun da aka buɗe masana'antar kayan mota a bakin birni, matasa suka koma can. Bas ke kwashe su da safe, ya dawo da su a gajiye. Tsofaffi aka bari da shanu.

Abin da ya rufa wa tsofaffin asiri shi ne tankin sanyaya madara da wani kamfani ya kafa kusa da coci. Kowa ya kawo tasa ya juye a ciki, ƙarfe takwas motar kamfanin ta zo ta zuƙe. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk ranar da aka samu magani a madarar da ta shiga mota, za a ɗauke tankin.

Ana nan sai hantsar Joiana, babbar saniyar Veta, ta kumbura. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ja kunnen Veta cewa kwana biyar kada madararta ta je tanki.

A da, da hannu take tatsa, kowace saniya da bokitinta. Yanzu ɗanta ya sayo mata injin tatsa, wanda garwarsa ɗaya ce. Ranar farko ta kiyaye. Washegari kuwa sabo ya yi halinsa: ta gama da ƙaramar, ta maƙala wa Joiana injin tana ta hira da ita, ta kai garwar ta juye.

Sai da ta dawo gida ta ga kwalbar maganin a kan taga. Nan take ta gane abin da ta yi, ta zauna a bakin ƙofa. Saura minti ashirin motar ta iso.

Gaskiya ta yi tunanin yin shiru. Gida goma sha bakwai ne suka juye, wa zai ce ita ce? Amma injin gwajin kamfanin ba ya jin kunyar kowa. Ta ɗaura ɗankwali ta fita da sassarfa, takalmin garke a ƙafarta.

Ta tarar da Traian, mai kula da tankin, yana wanke tiyo, ga wasu maƙwabta suna shan iska. A gabansu ta faɗi abin da ta yi.

Wani dattijo, Bade Ilarie, wanda ya fi kowa yawan shanu da yawan surutu, ya cire hula ya buga a cinya.

"Lele, garwa shida na kawo yau. Hira kike da saniya har ta sace miki hankali? Ai da kin tambaye ta, ita ba za ta manta da allurar ba."

Traian ya rufe famfon tankin, ya tsaya a gabansa har motar ta iso.

Direban ya ɗebi kaɗan ya gwada, maganin ya fito ɓaro-ɓaro. Ya daɗe yana kallon tsohuwar, sannan ya nuna motarsa.

"Madarar ƙauye biyar ce a nan. Da na zuƙi taku, duk ta lalace, kuma da jibi an zo da kura an ɗauke tankin nan. Tunda ba ta shiga mota ba, babu abin da ya faru. Ku wanke shi, gobe ina tafe."

Aka ji ajiyar zuciya ta ko'ina. Suna tsaye aka zubar da madarar ƙauyen gaba ɗaya, Veta na kallo tana share hawaye, rabi na kunya, rabi na sauƙin da ta ji a ƙirjinta.

Da gari ya waye ta yi ta jan ƙafa. Rabin garwa ta tatso, ta ƙaramar saniyar kaɗai, ta je ta laɓe a ƙarshen layi kanta a ƙasa. Ta shirya jin a ce sai an gwada tata daban.

Ilarie ya baro wurinsa ya zo ya karɓi garwar daga hannunta. Traian ya ɗago abin gwaji, sai Ilarie ya ture hannunsa.

"Gwada tawa in kana neman aiki. Wannan in da wani abu a ciki, da tun daga hanya ta fara faɗa mana."

Ya juye ta a tankin da hannunsa.

Darasi: Idan ka yi kuskuren da zai shafi jama'a, ka faɗa da bakinka tun da sauran lokaci. Kunyar ta yini ɗaya ce, yardar da za ka samu kuwa ta daɗe. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila wani na zaune a bakin ƙofa yanzu yana shawarar yin shiru.