Lasisin Barau Mai Shawara

An ce wai a wani birnin fatake an yi wani mutum, Barau, wanda sana'arsa nuna wa masu dukiya inda za su zuba jari. Ya fara da akawun banki, ya koma kamfanin hannun jari, har hukuma ta ba shi lasisi. Shekara goma sha tara ana cin moriyar bakinsa. Sai ya tura ƙungiyar marina su zuba jari a wani kamfanin man gyaɗa da ya san ya ruɓe, saboda an ba shi kamasho a ɓoye. Kamfanin ya rushe, marina suka tsiyace, aka ƙwace lasisin.

Bayan shekara bakwai, gidansa ya tafi, idonsa ɗaya ya mutu, Barau ya zo gaban Alƙali Mudi yana roƙon a mayar masa da lasisinsa. Ya miƙa tarihin aikinsa a rubuce, amma ya tsallake shekarar marina.

"Allah ya gafarta Malam, ban iya wata sana'a ba. Iyalina sau ɗaya suke ci a yini."

Tsoho Jatau, shugaban marinan, ya miƙe. "Mu ma haka, Malam. Ƙanena da baƙin cikin nan aka binne shi."

Alƙali ya ga yunwa a ɓangarorin biyu. Sai ya ce, "Barau, yau kaɗai na mayar maka da aikinka. Akwai dukiyar gadon marayu a hannun kotu. Wani ya kawo mini wannan takarda yana so in damƙa masa. Ba ni shawara."

Barau ya karɓi takardar, sai ya ga tarihin aikinsa ne da shi ya rubuta. In ya ce a bayar, ya sake cin amana a bainar jama'a. In ya ce a hana, ya yanke wa kansa hukunci.

Ya ce, "Akwai shekarar da ya ɓoye. Kada a ba shi."

"Shawara ce ta ƙwararre," in ji alƙali, "kuma kotu ta karɓa."

Barau ya ajiye takardar, ya lalubi sandarsa ya fita. Jatau bai yi murna ba, don hukuncin bai cika masa karofin rini ko ɗaya da baba ba.

Wanda ya sayar da amanarsa, ko gaskiya ya faɗa daga baya, shaida take zama a kansa.