Ƙwayar Ciwon Gwiwar Yaya

Akwai wani mai walda da ciwon hanta ya sa jijiyoyin jini na hanyar abincinsa suka kumbura. Likitoci suka zura masa bututu mai kyamara ta baki, suka ɗaure jijiyoyin da 'yan robobi. Aka sallame shi da magunguna, aka ja masa kunne kada ya sha komai ba da saninsu ba.

Yayarsa ce ke jinyarsa. Mace ce mai kirki, amma jakarta kemis ce guda. Ko atishawa ka yi a gabanta, sai ta zuge zif.

Ana nan ya fara kukan ciwon ƙirji in ya haɗiyi abu. Tausayi ya kama ta, ta ɓallo masa ƙwayar ciwon gwiwarta.

"Sha, ƙanina. Ni ita ce ke tashi na."

Ya yi ta sha safe da yamma.

Wata rana da hantsi yana goge baki a banɗaki, Yaya ta ji ƙarar faɗuwa. Ta tura ƙofa, sai ga shi ya yi aman jini, jini a kwamin wanke hannu, jini a rigarsa. Salati kawai take yi har maƙwabta suka sa shi a mota.

A asibiti aka ɗaura masa jini, aka sa maganin rage ƙarfin jini a jijiyoyin cikin ruwan da ake ƙara masa, da na kashe tsamin ciki.

Likita ta fito. "Hajiya, ya sha wani abu bayan namu?"

Matarsa da 'ya'yansa duk suna tsaye. Yaya tana tsoron a ce ita ta kashe shi. Amma ta miƙa kwalin ƙwayar.

Likita ta duba ta ce, "Wannan tana cin ciki, tana hana jini tsayawa. Gara da kika faɗa."

Aka koma ciki da shi. Yaya ta zauna a ƙasan baranda, ba ta iya ko kallon yaran.

Sai la'asar jinin ya tsaya. Da ya buɗe ido ya gan ta, ya ce da ƙyar, "Yaya, daga yau ko ruwa kika ba ni, sai na tambayi likita."

Aka yi dariya. Ita kuwa ta kifa kai a gefen gadon ta fashe da kuka.

Darasi: Maganin da ya yi maka aiki yana iya kashe ɗan'uwanka. Kada ka ba majinyaci ƙwayarka, in kuma kuskure ya faru, gaya wa likita gaskiya nan take. Ku tura wa duk mai jinya a gida.