Katin da Babu Mai Sa wa Hannu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ɗau darasi.

An yi wani mutum a Ƙofar Ran, ba zan kama suna ba, don 'ya'yansa suna nan. Allah ya rufa masa asiri, ga lafiya, ga shagon tayal har biyu. Sai ya shiga cikin masu wasan golf na ranar Asabar, wasan nan da ake bugun 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda har ta faɗa rami. Wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci.

To, hannu ba ɗaya ba. Akwai gwani, akwai ɗan koyo, akwai Baba Job, tsohon malamin makaranta mai ciwon gwiwa, akwai Madam Nkiru mai kemis. Sai suka yi tsari mai kyau: kowa ya rubuta bugunsa a kati, abokin zagayensa ya sa hannu shaida. Daga katunan nan ake yanka wa kowa rangwame. Ranar gasa a rage wa mai rauni bugu da yawa, gwani kuwa kaɗan. Da haka tsoho kan kada saurayi, a yi dariya, a sha zoɓo.

Mutumin nan gwani ne tun zamansa a Jos, amma ya ɓoye, don ya ƙyalla ido a kan kofin ƙarshen shekara. Ƙwallo tana bakin rami sai ya ture ta gefe da gangan, ya dafe kai: "Kai, yau ma hannun ya ƙi!" Wata bakwai yana haka, rangwamensa na ƙaruwa. Baba Job, don tausayi, yakan tsaya bayan wasa da ɗingishinsa yana gyara masa riƙon sanda: "Ɗana, a hankali, za ka iya."

Ranar gasa mutumin ya saki hannu. Ƙwallo ta dinga tafiya kamar an aike ta. Ga gwaninta, ga rangwamen ɗan koyo, ya ba na biyu ratar bugu goma sha biyar. Ya miƙa wa Baba Job kati yana murmushi.

Tsoho ya dubi katin, ya dube shi. "Alhaji, shekara talatin da biyar ina koyarwa. Na san yaron da ya gane karatu, na san wanda ya zo da satar amsa." Ya rufe bironsa.

Mutumin ya juya wurin Madam Nkiru. Ta ce, "Ayya, Alhaji, nawa biro ma ya mutu."

Kati babu shaida kuwa takarda ce kawai. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Asabar ta zagayo, kowa ya ce ai ya riga ya sami abokin zagaye.

Ya 'yan uwa, tauye mudu a kasuwa kaɗai yake? An yi rangwame don mai rauni ya ji daɗin wasa, shi ya saci rabon mai rauni, ya kuma sa dattijo shaidar ƙarya bai sani ba. Kofin dalma ya kai wannan?

Kofin ya tafi gidan Madam Nkiru. Baba Job yana nan yana ɗingishinsa duk Asabar, ana shan zoɓo. Mutumin kuwa labari ya riga shi isa kasuwa, har masu sayen tayal suka koma buɗe kwali suna dubawa a gabansa. Sandunansa suna bayan ƙofa, sun yi tsatsa.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ko da a wasa ne. Amin.